Rijiyoyin sa ido a gefen juji: ta ina ake fara bincike?

Rukayya: Assalamu alaikum malamaina. Ina tsara binciken digiri na biyu a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen wani tsohon juji da ba a yi wa gindinsa shimfiɗa mai hana ruwa tsiyayewa ƙasa ba. Ƙasar wurin yashi ce mai ɗan yumɓu, ana samun ruwa a zurfin mita 7 zuwa 9 da rani. Abin da na rubuta shi ne in ɗebi ruwa daga rijiyoyin gidaje 20 na kewaye, sau ɗaya da damina sau ɗaya da rani, in auna dalma, kadmiyam, kuromiyam, tutiya da jan ƙarfe, in kwatanta da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan in fitar da makin ingancin ruwa. Don Allah a duba min inda tsarin yake da rauni kafin in miƙa shi.

Dakta Bala: Wa alaikumus salam Malama Rukayya. Tsarin nan zai nuna miki ko ruwan rijiyoyin ya dace a sha ko bai dace ba, kuma wannan ma aiki ne mai amfani. Abin da ba zai nuna ba shi ne cewa jujin ne ya ɓata su. A ce kin samu dalma ta haura maikirogiram 10 a lita a rijiya shida. Mai jarrabawa zai tambaye ki daga ina ta fito. Daga juji ne, ko daga bututun famfon, ko daga wani abu da aka zubar kusa da rijiyar, ko dama haka ƙasar wurin take? Muddin ba ki san inda ruwa ya dosa a ƙarƙashin ƙasa ba, ba ki da amsa.

Saboda haka kafin ki sayi kwalba ko ɗaya, fara da awon zurfin ruwa. Kina buƙatar aƙalla wuri uku da ba su jeru a layi ɗaya ba, su zauna kamar duwatsun murhu. A kowanne mai safiyo ya auna miki tsayin bakin rijiyar bisa ma'auni guda, kuskuren kada ya wuce milimita kaɗan, a sa alama a bakin don kullum daga nan za a riƙa sakin tef. Ki cire zurfin ruwa daga tsayin baki, abin da ya rage shi ne tsayin ruwan. Daga waɗannan ukun kike fitar da gangaren ruwa da inda ya fuskanta. GPS na waya ba ya wannan aiki, don kuskurensa a tsaye yana kaiwa mitoci, alhali bambancin da kike nema tsakanin rijiyoyi biyu masu tazarar mita 100 ƙila santimita 30 ne ko 50. A auna su duka a rana ɗaya, da sassafe, kafin a fara jan ruwa.

Rukayya: Na gode Dakta. To ba zan iya ɗauka cewa ruwan ƙasa yana bin gangaren doron ƙasa ba? Jujin yana kan ɗan tudu, kuma akwai rafi ta kudu da shi.

Dakta Bala: Sau da yawa yana bi, kuma ki fara da wannan zato, amma ki gwada shi. Abu biyu ne ke karya shi. Tulin shara da ba a rufe ba yana shan ruwan sama fiye da ƙasar da ke kewaye, sai ruwan ƙasa ya yi tozo a ƙarƙashinsa ya riƙa gangarowa ta kowane ɓangare, har ta arewar da kike ɗauka sama ce. Na biyu, burtsatse mai jan ruwa da yawa yana iya karkatar da ruwan zuwa gare shi. Shi ya sa rijiyar da za ki kafa ta zama ma'aunin kwatance, wadda juji bai taɓa ba, dole ta fita daga wannan tozon, amma ta kasance a cikin irin ƙasar da sauran suke. In kika kai ta cikin wani dutse dabam, bambancin da za ki gani na dutsen ne.

Sai lissafin gudun ruwa, wanda ya ginu a kan dokar Darcy ta 1856. Ki ninka sauƙin ratsawar ƙasa da gangaren ruwa, ki raba da kason ramukan da ruwa ke bi. Misali, yashi mai ratsawar mita 8 a rana, gangare 0.005, ramuka 0.25: ruwan yana tafiyar santimita 16 a rana, kusan mita 58 a shekara. A shekara 20 kuloraid, sinadarin gishiri da ke tafiya daidai da ruwan, zai iya wuce kilomita ɗaya. In kuma yumɓu ya yi yawa har ratsawar ta sauka zuwa mita 0.08 a rana, a shekara 20 ɗin bai wuce mita 12 ba. Wannan lamba ɗaya ita ke gaya miki ko rijiyoyinki za su tsaya a mita 30 ne ko sai sun kai 500. Ana samun ta da gwajin tsomawa: a jefa sandar da aka san girmanta cikin rijiya, ruwa ya tashi, a riƙa rubuta yadda yake komawa mazauninsa, a lissafa da hanyar Hvorslev ta 1951 ko ta Bouwer da Rice ta 1976.

Injiniya Hauwa: Ina goyon bayan Dakta, kuma zan ƙara da cewa rijiyar gida ba rijiyar sa ido ba ce. Bakinta a buɗe yake, iska na shiga, guga na shiga, ruwan sama na gangarowa ta gefe. Mai faɗin mita ɗaya da ruwan mita biyu tana riƙe da kusan lita 1,570 na ruwan da ya kwana. Kuma saman ruwan kawai take taɓawa. Ruwan da juji ke tsiyayarwa ya fi ruwa mai tsabta nauyi saboda gishirin da ke cikinsa, ga shi kuma duk damina sabon ruwa yana sauka a kansa yana danna shi. Jelar gurɓatar, wato zirin gurɓataccen ruwan da ke miƙewa daga juji a ƙarƙashin ƙasa, sai ta riƙa nutsewa tana nisa. Ana iya samun rijiya marar zurfi mai ruwa garau, alhali jelar tana wucewa mita biyar ƙarƙashinta.

Yadda ake gina ta sa ido kuwa, bututun PVC ne mai faɗin milimita 50, mai zare, wanda ake murɗawa a haɗa. Kada a bari masu haƙa su sa gam, don gam ɗin PVC yana sakin sinadaransa cikin ruwa wata da watanni, sai ki gan su a sakamako ki ɗora wa juji. Sashen da ke da tsaga-tsaga, wanda masu haƙa ke kira sikirin, ya zama gajere, mita 1.5 zuwa 3. Dogon sikirin yana haɗa ruwan sama da na ƙasa ya surka gurɓatar, ya kuma buɗe mata hanya daga wani rukuni zuwa wani. Tsagar milimita 0.25 ta saba dacewa da yashi mai laushi. A zuba wankakken yashi mai ƙwaya ɗaya kewaye da sikirin har ya haura shi da santimita 60, a bi da bentonait, yumɓu mai kumbura da ke toshe hanyar ruwa, kaurin santimita 60 zuwa mita ɗaya, a jiƙa shi a ba shi lokaci ya kumbura, sannan a cike sauran da kunun siminti da bentonait daga ƙasa zuwa sama ta cikin bututu. In aka zubo daga baki yana maƙalewa a hanya ya bar kogo. A sama a yi dakalin kankare mai gangara waje, da murfi mai kwaɗo.

Bayan haka a wanke rijiyar, a yi ta tunkuɗa ruwa ana ja har duhunsa ya sauka ƙasa da 10 a ma'aunin duhun ruwa na NTU, a bar ta ta huta mako ɗaya ko biyu kafin ɗibar farko. A wuri ɗaya ko biyu a kan hanyar jelar ki kafa tagwaye, ɗaya a saman ruwa ɗaya a zurfi. Abin da tagwayen nan za su nuna miki rijiyoyin gida 20 ba za su nuna ba.

Malam Nasiru: Injiniya, ranki ya daɗe, a nan ina da ja. Ba na son ɗalibar nan ta fita da tunanin cewa rijiyoyin gida ba su da amfani. Su ne ruwan da mutane ke sha, kuma a ƙarshe lafiyarsu ake son karewa. Sannan na'urar awon ɗaukar lantarki ta hannu, a yini ɗaya za a zaga rijiya 40 da ita a zana taswira. In lambar tana tashi a ɓangare ɗaya na jujin, ga alamar inda za a kafa rijiyoyin sa ido. Ɗalibi ba shi da ƙarfin haƙa goma, gara ya san inda zai sa huɗun da yake iyawa.

Injiniya Hauwa: Ban musa ba Malam Nasiru. A zaga su, a auna zurfinsu da zurfin ruwansu da tazararsu da masai, a rubuta. Sharaɗina ɗaya ne, kada a zuba sakamakonsu cikin tebur ɗaya da na rijiyoyin sa ido a fitar da matsakaici. Tambaya biyu ce dabam, kowace da teburinta.

Game da adadi, dokar Tarayyar Turai ta 1999 kan juji ta ce aƙalla wurin awo ɗaya a inda ruwa ke shigowa, biyu a inda yake fita. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma ga juji mai faɗi ya yi kaɗan, domin jela na iya zama siririya ta ratsa tsakanin rijiyoyi biyu ba wadda ta gan ta. Dokar Amurka ta 1991 kuma ta ce wurin da ake auna bin ƙa'ida kada ya wuce mita 150 daga gefen sharar. Amma a lura, waɗannan dokoki an yi su ne don juji mai shimfiɗa. A Amurka shimfiɗar leda ce ta roba mai ƙarfi da ake kira HDPE, mai kaurin milimita 1.5 a kan daɓen yumɓu santimita 60, kuma ruwan tsiyaya kada ya taru a kanta fiye da santimita 30. A can ana farautar ɗan yoyo ne ta wata huda. Jujin Rukayya duk gindinsa ne ke yoyo, don haka jelarsa za ta fi faɗi kuma ta fi sauƙin samu.

Abdulhadi: Malamaina, in an yarda in sa baki ta fuskar awon ƙasa da lantarki. Ruwan juji cike yake da gishiri, yashin da ya jiƙe da shi turjiyarsa ga wucewar lantarki na iya sauka ƙasa da om-mita 10, alhali yashi mai ruwa mai tsabta yana ba da gommai zuwa ɗaruruwa. Da turakun ƙarfe 48 da ake kafawa don tura lantarki cikin ƙasa, a tazarar mita 5, layin ya kai mita 235, yana leƙa kusan mita 40 a tsakiyarsa. Tunda ruwanki a mita 7 zuwa 9 yake, tazarar mita 2 ko 3 za ta fi fito da hoton sosai. Ki shimfiɗa layukan su gitta hanyar ruwa, ɗaya kusa da juji, ɗaya a mita 100, ɗaya a 200, sai ɗaya a ɓangaren da ba gurɓata don kwatance.

Haɗarinsa shi ne yumɓu ma turjiyarsa ƙasa take. Shuɗin tabon da zai fito a hoton ƙila jela ce, ƙila kuma dunƙulen yumɓu ne, ko bututun ƙarfe da aka binne, ko shingen waya. Da rani kuma busasshen yashi ba ya kama turaku, sai an zuba musu ruwan gishiri. Hoton yana nuna inda za a haƙa ne, ba ya maye gurbin haƙar. Duk tabon da ba a tabbatar da shi da samfurin ruwa ko bayanin ƙasar da aka haƙo ba, a rubuta shi a matsayin zato.

Rukayya: Allah ya saka da alheri. To batun abin da zan auna fa? Malamin da ke duba aikina ya fi karkata ga ƙarafa masu guba, ya ce su ne haɗarin.

Malam Nasiru: Guba kam suna da ita, amma ba su ne ke tafiya ba. Ruwan juji yana canzawa da shekaru. Yana sabo yana da tsami, pH wajen 6, kuma abin da ƙwayoyin halitta ke iya cinyewa a cikinsa yana da yawa, BOD (oksijin da ƙwayoyin halitta ke sha wajen cinye dattin) ya kai rabin COD (oksijin da ake buƙata a ƙone dattin duka da sinadari) ko fiye. In ya tsufa ya shiga zangon fitar da iskar metan, pH yana hawa wajen 8, BOD ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na COD. A wannan yanayi dalma da kadmiyam da tutiya da jan ƙarfe suna haɗuwa da salfaid da kabonet su kwanta, ko su manne a jikin ƙasa. Sau da yawa ba sa nisa da gindin jujin. In su kaɗai kika auna, kina iya rubuta cewa ba gurɓata alhali tana nan.

Masu tafiya su ne kuloraid, wanda ƙasa ba ta riƙe shi kuma ba abin da ke cinye shi, don haka shi ne ke gaba. Sai amoniya, wadda a ruwan juji take kaiwa ɗaruruwa har fiye da miligiram 1,000 a lita kuma ba ta raguwa don juji ya tsufa. Sai alkaliniti (ƙarfin ruwa na kashe tsami), sodiyam, potasiyam, boron da narkakken kabon. Amoniya tana zuwa a makare saboda yumɓu na kama ta ya saki kalsiyam da magniziyam a madadinta, shi ya sa wani lokaci taurin ruwa ke fara tashi kafin a gan ta. Ki auna manyan sinadaran nan duka, har da salfet da naitiret, domin ki iya daidaita lissafin masu caji na + da masu caji na −. In bambancin ya wuce kashi 5 cikin 100, akwai kuskure a ɗiba ko a ɗakin gwaji.

Ki kuma tambayi ɗakin gwajin da wace na'ura za su auna dalma. Mai harshen wuta ba ta gani da kyau a matakin maikirogiram 10, balle kadmiyam da ma'auninsa 3 ne. Sai mai tandun girafait ko na'urar da ake kira ICP-MS.

Dakta Bala: Akwai abin da zai gamsar da malaminki kuma gaskiya ne. Ƙarafan da suka fi tashi a cikin jela ba daga sharar suke fitowa ba, daga ƙasar kanta suke. Ƙwayoyin halitta suna cin kabon ɗin da ya tsiyayo, su ƙarar da iskar oksijin, su koma kan naitiret, sai manganis, sai tsatsar ƙarfen da ta lulluɓe ƙwayoyin yashi, sai salfet, daga ƙarshe a fara fitar da metan. In kika taso daga gindin juji kika bi jelar, za ki ratsa waɗannan yankuna a juye, metan a kusa, oksijin a can ƙarshe. An zana wannan dalla-dalla a jujin Vejen da na Grindsted a Denmak, da na Norman a jihar Oklahoma ta Amurka. A Borden ta Kanada an bi jela mai tsawon kusan mita 700 cikin yashi.

To idan tsatsar nan ta narke, arsanik da ke manne da ita yana sakuwa. Sai a samu ruwa ya haura maikirogiram 10 na arsanik alhali ruwan jujin kansa ba shi da shi da yawa. Ki sa ƙarfe, manganis da arsanik a jerinki. Kuma ki kula, ƙarancin naitiret da salfet kusa da juji ba shaidar tsabta ba ce. Ɗalibai da yawa suna ganin naitiret ya yi ƙasa da ma'aunin miligiram 50 a lita su sa alamar lafiya, alhali ɓacewarsa ita ce sawun jelar.

Rukayya: Wannan ban taɓa tunaninsa ba. To yaya zan bambance juji da masai, tunda duka suna ba da kuloraid?

Dakta Bala: Ba da sinadari ɗaya ba. Masai a ƙasa mai iska ya fi ba da naitiret da ƙwayoyin cuta na bayan gida, ruwan kuma yana da sauran oksijin. Juji yana ba da amoniya da alkaliniti mai yawa da narkakken ƙarfe, oksijin babu. Rabon kuloraid da buromaid yana taimakawa. In akwai hali, nau'in kabon 13 na narkakken kabonet shaida ce mai ƙarfi, domin a ma'aunin kabon 13 ruwan tsohon juji yana hawa sama da sifili, ruwan ƙasa na yau da kullum kuwa yana ƙasa da shi sosai. Duk wannan ba zai yiwu ba sai kin ɗebi ruwan jujin kansa, daga inda yake tsattsafowa a gefen tulin, kin san kamanninsa. Akwai kuma hanya ta uku da ake mantawa: iskar juji tana ratsa busasshiyar ƙasa ta narke a saman ruwa. Alamarta ita ce alkaliniti da sinadarai masu tashi a iska su hau, kuloraid bai motsa ba.

Injiniya Hauwa: Mu zo kan ɗiba, don nan ne ake ɓata aikin wata shida a awa ɗaya. Ni ina kan ja a hankali, tsarin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana a 1996. A sa bakin famfo a tsakiyar sikirin, a ja lita 0.1 zuwa 0.5 a minti, ruwan rijiyar kada ya sauka fiye da santimita 10. Ruwan ya bi ta rufaffen kofi mai na'urorin awo, a karanta duk minti 3 zuwa 5. Sai karatu uku a jere sun tsaya: pH cikin 0.1, ɗaukar lantarki cikin kashi 3, ORP (ma'aunin yadda ruwa ke bayarwa ko janye oksijin) cikin milivolt 10, oksijin da duhun ruwa cikin kashi 10. Sannan a cire kofin a cika kwalabe daga tiyo.

Malam Nasiru: Shi ya fi, amma ba kowa ke da famfon ba. Tsohuwar hanya ta kwashe ninki uku na ruwan rijiya tana nan. Bututun milimita 50 yana ɗaukar kusan lita 2 a kowace mita, in tsayin ruwan mita 6 ne lita 12 ke nan, a kwashe 36. Ga kuloraid da sodiyam sakamakon ba zai bambanta sosai ba.

Injiniya Hauwa: Ga kuloraid na yarda. Ga ƙarfe da arsanik da masu tashi a iska ban yarda ba. Gugan bututu da ake jefawa yana tayar da laka yana kuma cusa iska. In dole sai shi, a sauke shi a hankali kada ya fantsama, kuma hanyar da aka fara da ita a ƙare da ita. Wanda ya canza hanyar ɗiba a tsakiyar bincike ba zai san ko ruwan ne ya canza ko hannunsa ba.

Malam Nasiru: Wannan gaskiya ne. Bari in faɗi abin da ke faruwa a kwalba. Ruwan jela yana fitowa garau kamar na sha. Ki ajiye shi a buɗe, kafin awa ɗaya ya fara yin ɗorawa, zuwa yamma jan gari ya kwanta a gindi. Narkakken ƙarfe ne ya haɗu da iska ya koma tsatsa, kuma yana kwanciya tare da arsanik. In sai a ɗakin gwaji aka tace, an zubar da abin da ake nema. In kuma aka zuba asid a ruwa mai laka ba a tace ba, asid ɗin zai narkar da lakar, ƙarafa su fito ninkin ba ninkin. Don haka a tace a bakin rijiya da matata mai maikiromita 0.45, nan take a ɗiga asid naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2. Haka yana kaiwa wata 6, ban da zaiba da ke da kwana 28.

Amoniya da COD, asid salfiyurik da sanyi, kwana 28. Naitiret da BOD sanyi kawai, awa 48. Alkaliniti kwana 14, amma ga ruwan jela gara a auna shi a wurin. Masu tashi a iska, irin su benzin da binil kuloraid, ƙaramar kwalbar gilashi ce ta mililita 40 mai ɗigon asid haidirokulorik, a cika ta har ruwan ya yi tozo, a rufe, a kifa ta a ƙwanƙwasa. In ƙwayar iska ta taso a ɗauki sabuwar kwalba. Kwana 14. Komai cikin kula da ƙanƙara, kada ya haura digiri 6. A fara da rijiya mafi tsabta a ƙare da mafi gurɓata, a canza tiyo da safar hannu. Duk samfuri goma a yi ɗaya sau biyu da lambar ɓoye, a kuma tafi da kwalbar tataccen ruwa da za a bi da ita ta cikin kayan ɗiba. In dalma ta fito a cikinta, daga kayanki take.

Injiniya Hauwa: Ƙari ɗaya kan tacewa. Dokar Amurka ta jujin sharar gari ta hana tacewa a fili, saboda wasu ƙarafan suna tafiya manne da ƙananan ƙwayoyi da matata ke tarewa. Kuma mai shan ruwan rijiya ba ya tacewa. Ni shawarata kwalba biyu, tatacciya da wadda ba a tace ba, tare da lambar duhun ruwan. In kuma za ki taɓa PFAS, rukunin sinadaran masana'antu masu wuyar ruɓewa, wanda daga cikinsu a 2024 Amurka ta sa wa PFOA da PFOS iyakar nanogiram 4 a lita a ruwan sha, a nisanci tiyo da murfi na Teflon gaba ɗaya, a yi amfani da HDPE.

Dakta Asma'u: Na karanta duka, saura lissafi. Ƙanwata, ɗiba biyu ba sa nuna hawa ko sauka, kuma ba sa nuna bambancin damina da rani, domin ba ki san yadda rijiya ɗaya ke kaiwa da komowa a cikin rani ɗaya ba. Jagorar lissafi da hukumar muhalli ta Amurka ta fitar a 2009 ta ba da shawarar awo 8 zuwa 10 na ruwan kwatance kafin a kafa iyaka. A shekara ɗaya, ɗiba duk wata ko duk mako shida zai ba ki wannan. Gara rijiya 6 sau 8 da rijiya 24 sau 2. Kada kuma ki ɗebi huɗu a mako ɗaya ki ƙirga su huɗu, ruwa ɗaya ne bai gusa ba.

Sai ƙararrawar ƙarya. Rijiya 8 da sinadari 25 gwaji 200 ne. Ko da kowanne yana da damar kuskure ta kashi 1 cikin 100, damar a samu aƙalla ɗaya ya yi kuka a banza ta kai kusan kashi 87. Maganinsa a zaɓi sinadarai kaɗan masu nuna juji a yi gwajin a kansu, kuma duk wanda ya haura iyaka a sake ɗiba kafin a yanke hukunci. Don gano hawa ko sauka, hanyoyin lissafi na Mann-Kendall da gangaren Sen sun fi dacewa, tunda ba sa buƙatar lambobin su bi wani tsari. Sakamakon da ya zo ƙasa da abin da na'ura ke gani kada a rubuta shi sifili. In bai wuce kashi 15 na lambobin ba ana iya sa rabin iyakar ganin na'urar. In ya wuce a koma hanyar lissafi ta Kaplan-Meier.

Makin ingancin ruwa kuwa, ina roƙonki kada ya zama ƙashin bayan kundin. Yana dunƙule sinadari goma a lamba ɗaya, sai arsanik mai yawa ya ɓuya a bayan tara masu kyau.

Abdulhadi: Dakta, MODFLOW fa, manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tafiyar ruwan ƙasa? Yanzu kusan kowane kundi sai an sa shi.

Dakta Asma'u: In akwai tsayin ruwa na wata da watanni, da gwajin tsomawa a kowace rijiya, da bayanin ƙasar da aka haƙo, a yi shi, a daidaita tafiyar da kuloraid tukuna kafin a taɓa amoniya. In rijiya uku ce da awo biyu, lissafin Darcy da Dakta Bala ya yi a sama ya fi shi gaskiya, a ba da shi da mafi ƙaranci da mafi yawa.

Rukayya: Na fahimta, zan sake rubuta babi na uku. Tambaya ta ƙarshe ga Injiniya: ɗaya daga cikin rijiyoyin ina so ta matso gindin tulin sosai. Akwai matsala? Kuma in bincike ya ƙare me ake yi da su?

Injiniya Hauwa: Ta matso, amma kada a haƙa ta cikin sharar kanta, kuma in an ci karo da shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashin gurɓataccen ruwa a tsaya, kada a huda ta. Kusa da tuli akwai metan, yana kama wuta in ya kai kashi 5 zuwa 15 na iska, akwai kuma haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda in ya yi yawa hanci ke daina jin sa. A riƙe na'urar awon iska a bakin rami lokacin haƙa, ba walda ba taba, kuma duk ranar ɗiba a buɗe murfi a koma gefen da iska ke tahowa na 'yan mintuna. Ruwan da aka kwashe a tara a duro, kada a zubar kusa da rijiyar.

In akwai wanda zai ci gaba da awo, ki miƙa masa makullai da taswira da bayanin ginin kowace. In babu, a toshe su. A zare bututun in zai zaru, a cika ramin da kunun bentonait daga gindi zuwa sama ta cikin bututu, a bar shi ya zauna kwana ɗaya, a ƙara inda ya sauka, a rufe da kankare. Ki sa kuɗin wannan a kasafin tun yanzu, ki kuma rubuta ranar toshewa da adadin buhun bentonait da kowace ta ci.